Na rubuta shaguɓe kan mai hula biyu, yanzu ana cewa da surukina nake

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle. Tun ina makaranta nake rubuta gajerun wasannin barkwanci, mu yi da abokai mu ɗora a Facebook. Mahaifina bai taɓa so ba, yana cewa aikin marasa aikin yi ne, sai da na yi aure ya ƙyale ni. Bara na rubuta wani a kan shugaban hukuma mai hula biyu. Da safe ya sa ta ofis ya duba takardun 'yan kwangila, da yamma ya sa ta jam'iyya ya bi su a waya yana cewa, "Ba dole ba ne fa, amma Mai Girma yana duba jerin sunaye." Inda aka fi dariya shi ne da ya kafa kwamitin binciken kansa, ya yi tambaya daga kujerar shugaba, ya zagaya kujerar wanda ake tuhuma ya amsa, sannan ya wanke kansa tas.

To mahaifin matata yana riƙe da muƙami, kuma kwanan nan aka ba shi kwamitin tara kuɗin jam'iyya. Mun riga mun ɗauki bidiyon. Matata ta daina yi min magana. In saki ko in bari?

Tsohon Ɗan Jarida: Saki kawai, ƙanena! Ka ambaci suna? A Amurka tun 1939 akwai dokar Hatch, wadda ta hana ma'aikacin gwamnatin tarayya roƙon kuɗi don siyasa. A Ingila a 2012, Peter Cruddas, ma'ajin jam'iyyar Conservative, sai da ya yi murabus bayan an naɗe shi a ɓoye yana tallan ganin firaminista David Cameron a kan fam 250,000. Shi ma'ajin jam'iyya ne kawai, ba ya sa hannu a kwangila. Naka fa har da biro a hannu.

Maman Biyu: Ɗan uwa, ka ji tsoron Allah a kan yarinyar mutane. Kai za a tafa wa, ita za a kira gida. Ta ga bidiyon ma kuwa?

Ɗan Kwangila: Ni an yi min. Kuɗin aikina na maƙale aka aiko min da katin liyafar tara kuɗi. Ban je ba, fayil ɗina ya yi ɓatan dabo har yau, ga banki a wuyana.

Mai Alƙalami: Hajiya, na rubuta tun kafin a ba shi kwamitin, ina da shaida a wayata. Rawanin da ɗan wasan ya naɗa ne kawai ya zo iri ɗaya da nasa.

Maman Biyu: Rawani kuma? Ba hula ka ce ba?

Tsohon Ɗan Jarida: Kar ka cire komai. Wanda ya tsargu da shi ake. Ka ƙara ma inda 'yan kwangila ke rige-rigen sanar da gudummawa a lasifika.

Wata Lauya: Malam ɗan jarida, ba kai za ka tsaya gaban alƙali ba. Rashin ambaton suna ba ya hana ƙarar ɓata suna, muddin masu kallo za su gane wanda ake nufi. Mai Alƙalami, ka sake ɗauka da wata shiga, ka canza hukumar.

Mai Alƙalami: In na canza ai wasan ya mutu, kuma ɗan wasan ya yi tafiya. Akwai wanda ya san yadda ake ɓoye bidiyo ga mutum biyar kawai a Facebook?