Abin da aka tattauna kan shayi, zoɓo da lafiyar zuciya

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar hirarmu:

1. Kusan kowa ya yarda ganyen shayi na ɗauke da sinadarin filabonoyid, mai taimaka wa jijiyoyin jini su saki jiki. Matsalar tana ga sukari. Kun san yadda mai shayi a Ƙofar Ƙaura ke zuba cokali huɗu da madara a kofi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin gram 50 a rana.

2. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, in ba a cika shi da sukari ba. Nan aka rabu. Wasu sun ce ya wadatar, masu aikin asibiti suka ce sam, kada a bar ƙwayar likita saboda shi. Ina tare da su. Na ga yadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kawuna.

3. Mai ƙarancin jini da mai juna biyu su raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

4. Ataya mai kauri da dare tana sa bugun zuciya da hana barci. Matasa dai sun ƙi yarda.