Numerikal: a ina zan samu MATLAB?

Sadiya: Salamu alaikum. Don Allah 'yan uwa, wannan zangon za mu fara numerikal, kwas ɗin warware lissafi ta hanyar kiyasin lambobi, kuma malamin ya ce sai da manhajar lissafi ta MATLAB. Ina zan samu? Laftof ɗina ma ta tsufa.

Bashir: Wa alaikumus salam. Sauke Octave, manhaja mai kama da MATLAB, kyauta ne, kuma kusan duk abin da kika rubuta don MATLAB zai yi aiki a ciki.

Auwal: Ƙanwata, ki riƙe maganar Bashir. Bara na shiga wani shago a cikin gari, na biya kuɗina aka saka min MATLAB na sata. Kwana uku lafiya lau. Daren da zan kammala aikin Runge-Kutta sai laftof ta fara ƙamewa, na soka filash don in kwashe aikina, shi ma komai na ciki ya ɓace. Da safe na hau Keke tun daga Rigasa na koma wurin mai shagon, wai ni na jawo da na buɗe intanet. Ƙarshe sai da aka goge komai. Abin haushin, duk abin da malamin ke nema bai wuce hanyoyin lissafi irin su Runge-Kutta da Gauss da Newton-Raphson da Simpson ba, wanda Octave ke yi ba tare da ko sisi ba.

Hauwa: Allah Ya kyauta, Yaya Auwal 😂

Ɗanjuma: Ku bar wahalar da yarinya. Yaren kwamfuta na Python da kayan lissafinsa, NumPy da SciPy, kawai. Ta buɗe Google Colab, inda ake gudanar da Python ta intanet, ba ruwanta da tsufan laftof.

Bashir: Kai za ka riƙa saya mata data?

Ɗanjuma: Ai akwai Pydroid 3, manhajar Python a waya.

Bashir: Python, yaren da ke fara ƙirga daga sifili? Wa ya taɓa cewa ɗansa na sifili?

Ɗanjuma: Shi ya sa kuke maimaita kwas.

Malam Isa: Ku dai kowanne ta ɗauka, ta fara yi da hannu tukuna. Sadiya, gwada nemo inda x³ − 2x + 2 ke zama sifili da Newton-Raphson, ki fara daga 0. Zai kai ki 1, ya dawo 0, ya koma 1, haka har wutar laftof ta ƙare. Wanda bai taɓa ganin wannan a takarda ba zai zaci manhajar ce ta lalace. Don matiriks, wato lambobi a jere cikin layuka, kuwa ki nemi laccocin Gilbert Strang na jami'ar MIT ta Amurka a YouTube. Na NPTEL, shirin laccocin intanet na Indiya, ma suna da kyau, in kunnenki ya saba da Turancinsu.

Hauwa: Malam, ni 0.1 + 0.2 na rubuta a Python ya ba ni 0.30000000000000004. Na ɗauka wayata ce.

Malam Isa: Ba wayarki ba ce. Kwamfuta da 0 da 1 take ajiye lamba, 0.1 kuwa ba ya ƙarewa a wannan tsarin, dole ta datse shi.

Sadiya: Na gode ƙwarai. To amma Octave ɗin, wa ke da shi? Datata ba za ta kai ba.

Bashir: Gobe bayan azahar a laburare, ki zo da filash.

Auwal: Kada dai wani ya ari filash ɗina.