Alaf ɗin da na sayo ya dunƙule a gindin shawal, in ci gaba da ba kajina?

Uwargida daga Gadarif

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ba a kwance yake ba.

Kaji tara ne da ni a bayan gida masu yin ƙwai, da zakara ɗaya, sai 'yan agwagi huɗu da maƙwabciyata ta ba ni. Ƙwan nan shi yarana ke karyawa da shi, ragowar kuma in sayar in yi cefane. A farkon watan Yuli na tara kuɗi na sayo alaf, wato haɗaɗɗen abincin kaji, shawal (buhu) guda mai kilo 50 a wani shago a kasuwa, don kowa na cewa kuɗinsa zai ƙara tashi. Na jingine shi da bangon ɗakin girki, a kan siminti. Yau ga mu a tsakiyar Agusta, ruwa kusan kullum.

Shekaranjiya na zura hannu can ƙasa sai na ji ya dunƙule kamar curin fura. Da na fasa ɗaya na ga wata ƙura kore-kore a ciki, yana warin ɗakin da ya daɗe a rufe, ga ƙananan ƙwari suna yawo. A da ina kwashe ƙwai bakwai a rana, yanzu uku ko huɗu, ɓawon kuma ba ƙwari. 'Yan agwagi biyu sun mutu a mako guda. Na koma wurin mai shago, ya ce kayan masana'anta ne, ba abin da zai same shi, in shanya kawai. Takardar da ke bakin shawal ba kwanan wata a jikinta.

Saura kusan sulusin shawal. In zubar ne, ko akwai dabara? Ƙwan fa, yara su ci gaba da ci? Kuma yaya mutum zai gane sabon alaf tun a shago?

'Yar uwa daga Kasala

Wa alaikumus salam Yaya. Sannu da wannan asara. Ni dai idan nawa ya ja danshi, tabarma nake shimfiɗawa a rana in baza shi wuni biyu, in tankaɗe, ƙwarin su gudu, warin ya tafi. Kaza da ke tonon juji ai cikinta ya saba. Da tsadar nan zubar da sulusin shawal da ciwo.

Dattijo daga Mai Wurno

'Yata, kada ki ba su. Ke ma ta Kasala, ki yi mini haƙuri, ban goyi bayan shanyar nan ba. Na yi noman gyaɗa shekaru masu yawa a bakin kogin nan. Gyaɗar da ruwa ya taɓa bayan tono, ko ka shanya ta ta bushe ƙamas, ɗacin nan yana nan a cikinta. Alaf ɗinmu na nan Sudan kuwa, bayan dawar da muke kira faterita, ambaz ne ƙashin bayansa, wato tunkuzar gyaɗa da aka matse wa mai. Abin da ke kama gyaɗa shi ke kama ambaz. Kazar da ke juji tana tsinta tana zaɓe, ta akurki kuwa abin da kika zuba mata shi za ta ci safe da yamma.

Likitan dabbobi daga Madani

Baba ya faɗi gaskiya. Hajiya, ki dakatar da wannan alaf ɗin yau, har saman da kike ganin lafiya lau yake.

Ƙurar nan kore-kore funfuna ce. Akwai wata irinta da ke son gyaɗa da masara da dawa idan zafi da danshi suka haɗu, tana fitar da guba da ake kira aflatoksin. Funfunar ana ganinta, gubar ba a gani, ba a jin warinta. Rana tana busar da alaf ta kori warin, amma ba ta raba shi da gubar. Shi ya sa shanya ke yaudarar mutum: kaya ya yi kyau a ido, hantar kaza na ci gaba da lalacewa.

A kan tsuntsayen gida aka fara gano wannan guba. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. Iyakar da ƙasashen Turai suka sa wa abincin manyan kaji ita ce kashi 20 cikin biliyan. In kawo miki shi kusa: giram ɗaya tak a cikin shawal 1,000 irin naki. Na 'yan tsaki ma ya fi wannan tsanani.

Abin da ya fi ja mini hankali a bayaninki shi ne 'yan agwagin. A cikin tsuntsayen gida ba wanda ya kai ɗan agwagwa rauni a gaban wannan guba. Da cutar Niyukasul ce, kajin za ta fara kwasa, ki ga koren zawo da murɗewar wuya da mutuwa bi da bi, agwagi kuwa sukan jure mata. Naki ya zo akasin haka: agwagi sun mutu, kaji suna tsaye amma ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi laushi. Wannan ya fi nuna abinci. Sannan alaf ɗin masu ƙwai tun asali bai dace da ƙananan tsuntsaye ba, don sinadarin ɓawon ƙwai da ke cikinsa yakan kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, ya fi ƙarfin ƙodar tsako. Daga nesa nake magana, ban ga kajin ba. Idan wata ta mutu, ki kai ta ofishin dabbobi a ranar a buɗe ta. Hanta mai kumburi, ta koma ruwan ɗorawa, tana marmashewa a hannu, alama ce babba.

Maganar ƙwai: abin da ke wucewa daga abinci zuwa ƙwai kaɗan ne ƙwarai, kuma yana gushewa cikin kwanaki idan an canza abinci. Ni da a gidana ne, zan ɗaga wa yara ƙafa mako guda. Hantar waɗannan kajin kuma kada a ci idan an yanka. Inda haɗarin ya fi girma ga mutane shi ne cin hatsin da kansa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda masarar da ta yi funfuna. Don haka ki duba gyaɗa da dakwar da ke ɗakin girkin nan, tunda danshi ɗaya suka sha.

Ko da funfuna ba ta fito ba, alaf niƙaƙƙe ba kayan ajiya ba ne. Bitamin da aka zuba a ciki zafi na cinye shi, man ambaz kuma yana tsufa ya yi ɗaci. A yanayinmu ina ba mutane shawarar kada ya wuce wata guda a gida, da damina ma mako biyu zuwa uku. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji tara ke nan kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, shawal zai kai ki kwana 45 ko fiye, balle idan suna samun ragowar tuwo. Shawal ya yi miki yawa.

'Yar uwa daga Kasala

Innalillahi. Likita, wallahi ban san haka ba, kuma na daɗe ina yi. Allah ya saka da alheri. To idan aka soya shi a kasko fa, ko a ba akuya ko jaki, don dai kada a yi asara duka?

Likitan dabbobi daga Madani

Ƙanwata, wutar kasko ba ta kawar da ita, sai dai ki ƙona abincin gubar na nan. Akuya kuwa idan ta ci, wani kaso yana fita a nononta, nonon kuma yara ne ke sha. Jaki kada ma a fara, ko alaf ɗin lafiyayye ne. Wasu nau'o'in abincin kaji, musamman na kajin nama, ana sa musu magani mai suna monensin don cutar zawon jini, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe doki da jaki. A haƙa rami a binne shi inda kaji ba za su tono ba. Wajen kwashewa ta ɗaura gyale a hanci, kada yara su tsaya kusa.

Tsohon mai shagon alaf, yanzu a Gadarif

Hajiya, na yi wannan sana'a a Umdurman kafin yaƙin 2023 ya taso mu, bari in faɗa miki abin da na sani daga cikin shago.

A da kaya kan fito daga masana'anta ya iso mana cikin kwana biyu ko uku. Da masana'antun Khartum da Bahri suka tsaya, hanya ta yi tsawo, kaya ya riƙa kwana a mota ƙarƙashin tanti, ya kwana a sito, wani kuma a haɗa shi a ƙananan injina a zuba a tsohon shawal mai suna. Ba kowane ɗan kasuwa ne macuci ba, wani shi ma bai san shekarun abin da aka kawo masa ba. Amma shawal da ba ranar haɗi a jikinsa, ki bar masa kayansa. Ranar haɗi za ki nema, ita ce mai amfani. Ki duba ɗinkin baki: na masana'anta layi ɗaya ne miƙaƙƙe da takarda a ciki, idan kika ga tsofaffin hujin allura a gefe, an buɗe an sake ɗinkewa.

Kwanan wata ma shi kaɗai bai isa ba. Na ga kayan mako guda da ya lalace don rufin shago na yoyo. Ki kalli inda aka jera shawalan: a kan katako suke ko a ƙasa? Akwai tabon ruwa a gindinsu? Akwai kashin ɓera? Ɓera yana kawo cutar da ke kama kaza ta kama mutum. Sai ki ce a buɗe miki, ki zura hannu har gwiwar hannu. Idan cikin ya fi waje ɗumi, ya fara lalacewa. Ki damƙi hannu guda ki matse ki saki: lafiyayye zai warwatse, mai danshi zai tsaya a dunƙule. Sabo yana ƙanshin hatsi da gyaɗa, tsoho yana tsami ko warin tsohon mai. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ki nemi shagon da kayansa ke tafiya da sauri, inda masu gonakin kaji ke saye. Ku haɗu ku uku a unguwa ku raba shawal ɗaya a ranar da aka buɗe shi.

Abu ɗaya nake roƙon kowa a nan: idan wani ya ce ku jefa ƙwayar gas ɗin nan ta hatsi a shawal don kashe ƙwari, kada ku yi a cikin gida. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum a ɗakin barci. Ta sito ce, a hannun wanda ya san aikinta.

Dattijo daga Mai Wurno

Kafin ki samu sabo, 'yata, kada su kwana da yunwa. Ki ba su tsakin faterita mai tsabta da ganye da ruwa mai kyau. Idan kina son haɗa naki, ga yadda nake yi a kilo 10: faterita 6, ambaz ɗaya da rabi, dusar alkama 1, garin farar ƙasa ko na kwanso 1, murakkaz, wato haɗin furotin da bitamin da ake sayarwa a shagon alaf, rabin kilo. Hatsin a tsabarsa nake ajiyewa, in ɓarza na mako guda kawai, don tsaba ta fi gari jure damina nesa ba kusa ba. Ambaz kuma daga injin matsar mai nake karɓo shi sabo, in karya in duba cikinsa. Wanda ya yi duhu ko ya yi toka-toka ba na ɗauka. Idan na ridi ya samu, shi ma yana yi.

Wurin ajiya, ki samu roba mai murfi, ki ɗora a kan bulo ko katako, ki bar tazarar taki ɗaya tsakaninta da bango. Bangon siminti yana gumi da damina. Durom na ƙarfe yana hana ɓera, amma idan rana na dukansa shi ma yana zufa daga ciki, sai a inuwa. Kada ki zuba sabo a kan tsoho.

Uwargida daga Gadarif

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba da Likita da Malam mai shago, da ƙanwata ta Kasala da ta tambayi abin da ni ma yake raina.

Jiya da yamma maigida ya haƙa rami a bayan katanga muka binne shi. Da muka ɗaga shawal ɗin sai ga simintin a jiƙe, gindinsa ya yi baƙi, ashe har da laifin ajiyata. Na wanke mazubin abincinsu da sabulu na shanya. Na duba gyaɗar miya, na tsince wadda ta yamutse na zubar. Yanzu tsakin faterita suke ci, agwagi biyun da suka rage na ware su daban. Na yi magana da maƙwabta biyu, ranar Asabar za mu je kasuwa tare mu raba shawal ɗaya, kuma sai na zura hannuna a ciki kafin mu biya.

Likita, ƙwan da suka yi jiya da yau na ajiye su gefe ban ba yara ba. Mako gudan daga jiya zan fara ƙirgawa, ko daga ranar da sabon alaf ya iso?

Likitan dabbobi daga Madani

Daga jiya, Hajiya, ranar da suka daina cin tsohon. Ƙwai ba zai dawo bakwai nan take ba, ki ba su mako biyu zuwa uku a kan sabon alaf. Idan kika ga wata ta takure, zankonta ya koɗe, ko ta daina cin abinci, ki ware ta ki rubuto mana a ranar.