Ƙeyar yarona ta baje gefe guda, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Daga Tudun Jukun a Zariya nake, haihuwar fari, yaron watansa huɗu. Shekaranjiya ina masa wanka, da gashin ya jiƙe ya kwanta sai na ga ƙeyarsa ta baje ta ɓangaren dama, har kunnen wajen ya ɗan matso gaba. Kullum can yake karkata kai, ko na gyara masa sai ya koma. Uwar mijina ta ce sakacina ne, ban gasa masa kai da tawul ba kafin arba'in, wai in kai mata shi ta daddanna. Gabana sai faɗuwa yake. Zai taɓa masa ƙwaƙwalwa?

Maman Ihsan: Kwantar da hankalinki ƙanwata. Tawa ma haka ta yi. Goyo na dage da shi, na daina barin ta a katifa wuni guda. Da ta fara zama kan ya ciko, yanzu ko kitso aka yi mata ba kya ganewa.

Ummu Sudais: Ki riƙa kwantar da shi rub da ciki in zai yi barci, ko ki sayi filon nan mai rami a Sabon Gari.

Anti Nas: Ummu Sudais ki yi haƙuri, ban da wannan. Tun 1992 likitocin yara na Amurka suka hana kwantar da jariri rub da ciki yana barci, saboda mutuwar fuju'a. Filo ma yana iya toshe masa numfashi. Barci a rigingine. Rub da ciki sai idonsa biyu kina zaune a gabansa, minti kaɗan sau da yawa a rana.

Ke kuma mai tambaya, kada a danna. Ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, maɗiga sai wajen wata 18 take rufewa, shi ya sa gefen da yake kwanciya yake bajewa. Irin wannan ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wuyan. Wani lokaci tsokar wuya ce take ɗaurewa gefe ɗaya, masu gashin ƙashi ke koya wa uwa yadda za ta riƙa miƙar da ita. Ki kai shi sashen yara na asibitin koyarwa a Shika, su kuma tabbatar ba ƙasusuwan ne suka haɗe da wuri ba. Wannan ba kasafai ake samu ba, amma aiki ake yi masa.

Kafin nan ki juya shimfiɗarsa, ƙofa da haske su koma hagunsa, dole ya waiga.

Mai tambaya: Na gode Anti, Allah ya saka. Na juya katifar, Litinin za mu Shika da babansa. Hajiya kuwa shi zan bari ya yi mata bayani, bakina bai kai ba.