Ƙuraje sun feso wa maigidana yana cikin shan maganin zazzaɓin kaska

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawara a kan maigidana. Dillalin dabbobi ne, kullum yana kan babur tsakanin Damagaram, Mirriya da Matamaye. Makon jiya zazzaɓi ya kayar da shi, ga ciwon kai da na gaɓɓai. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro har sau biyu, babu. Sai da likita ya ga wani ɗan baƙin ɓawon gyambo a cinyarsa, inda ya cire kaska kwanan baya, sannan ya ce ciwon daga nan ne. Ya rubuta masa doksisiklin, miligram 100 safe da yamma. Zazzaɓi ya sauka, alhamdulillahi, har ya koma kasuwa. To yau kwana huɗu da fara sha, fuskarsa da wuyansa da bayan hannuwansa sun yi jajir, ga ƙuraje ƙanana, yana cewa kamar an shafa masa barkono. Inna ta ce ciwon ne ke fita, a ba shi jiƙo. Maƙwabciya ta ce a jefar da maganin. Ni kam na rasa ta wa zan bi.

Wata uwa daga Birni:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba shi lafiya. Ko ƙurajen zafi ne? Bazarar nan ta fi ƙarfin kowa.

Wani malamin asibiti:
Ƴar'uwa, ki amsa mini abu uku. Inda riga ta rufe, akwai ƙurajen? Bakinsa ko idonsa sun yi miki? Ban da wannan magani, me ya sha?

Mai tambaya:
Malam, ciki da baya fes suke, daidai inda wuyan riga ya tsaya nan jan ya tsaya. Baki da ido lafiya. Farasitamol kawai ya ƙara.

Malamin asibiti:
To wannan ya rage mini fargaba, amma ban gan shi da idona ba, don haka gobe da sassafe a mayar da shi wurin wanda ya rubuta maganin, a tafi da kwalin. Doksisiklin yana sa fata ta kasa jure rana, sai inda rana ke duka ya ƙone. Ƙurajen zafi kuwa sun fi fitowa inda gumi ke taruwa, ƙarƙashin riga. Shi ma ciwon kaskar yana iya feso ƙuraje, sai dai ba ruwansu da inda riga ta tsaya, sukan bazu har ƙirji da ƙafafu. Maganar Inna, a ba ta haƙuri: ƙuraje ba alamar fitar ciwo ba ne, kuma in aka haɗa da jiƙo, likita zai kasa gane wanne ya jawo me. Kada ku yanke maganin da kanku, saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce. Likita ne zai ce a ci gaba ko a sauya. Ya zauna a inuwa, in fita ta zama dole ya sa doguwar riga da malafa, ya naɗa rawani.

Amma in leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko fata ta yi bororo tana saluɓewa, ko miki ya fito a baki da ido, kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, ku wuce babban asibiti ko da tsakar dare ne. Haka in kun ga haɓo ko jini a dasashi, don akwai wani zazzaɓin kaska mai sa zubar jini, wanda wannan magani ba ya yi masa komai.

Wata ƴar'uwa daga Sabon Gari:
Ki riƙe maganar baki da ido da kyau. Ƙanwata ta sayi ƙwayoyi wurin mai talla, ƙuraje suka fito muka ce zafi ne, kwana uku ko ruwa ba ta iya haɗiya. Sai da ta yi mako biyu a kwance. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Malamin asibiti:
Na manta: kada maigidanki ya haɗa maganin da fura da nono ko kunun kanwa, suna rage shigarsa jiki, a bar awa biyu tsakani. Ya sha da ruwa cike da kofi, kuma kada ya kwanta nan take.

Mai tambaya:
Na dawo da labari. Likita ya duba har cikin bakinsa, ya ce rana ce da maganin. Ya ba shi man shafawa, ya ce ya ƙarasa sauran kwanakin a gida. Ƙaninsa ne zai je masa kasuwar Mirriya ran Lahadi. Na gode, Allah ya bar zumunci.