Muhawara: Burauza Ta Wadatar Wajen Shiga Duniyoyin Rubutu, Ko Dole Sai An Girka Manhaja?

Bala: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina zamanin girka manhaja don shiga MUD, wato wasan intanet na rubutu zalla da mutane da yawa ke bugawa tare, ya wuce. Tun da aka tsayar da ƙa'idar WebSocket, wadda ke ba burauza damar riƙe haɗi a buɗe da saba (kwamfutar da ke ɗauke da wasa ko shafi), a 2011, ban ga dalilin da zai sa mu ce wa sabon shiga ya je ya sauke manhajar shiga irin su Mudlet ko MUSHclient tun bai ga ɗaki ko ɗaya na wasan ba. A ba shi adireshi, ya latsa, ya rubuta sunansa, shi ke nan. A bakin ƙofa muke rasa mutane.

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Bala, ka yi gaggawa. Tun daga MUD na farko da Roy Trubshaw ya fara a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, Richard Bartle ya ci gaba da shi, har zuwa TinyMUD a 1989 da LambdaMOO na Pavel Curtis a 1990, ba don burauza aka gina abin nan ba. Zuriyarsu da ke raye yau telnet suke ji, wato tsohuwar hanyar aika rubutu tsakanin kwamfutoci, burauza kuwa ba a ba ta damar buɗe irin wannan haɗi kai tsaye ba. Dole sai an sa wata sabar a tsakiya tana karɓar saƙonka tana miƙawa. To, wa ke riƙe da ita? Kalmar sirrinka ta hannunsa take wucewa, duk abin da ka raɗa wa wani a cikin wasa yana iya gani.

Hadiza: Malam, da girmanka, amma telnet ɗin ma tsirara yake aika kalmar sirri, babu wani kulle. Ta burauza ko ba komai rabin hanyar na kulle.

Malam Isa: Gaskiya ne 'yata, sai dai Mudlet na iya haɗawa ta TLS, ƙa'idar kulle saƙonni a hanya, idan wasan ya tanada. Wannan kulle ne daga farko har ƙarshe, ba wani a tsakani.

Hadiza: Na yarda. Ni abin da ya fi damuna a matsayina na mai kula da wasa daban ne. Duk wanda ya shigo ta sabar tsakiya ɗaya, adireshin IP (lambar da ke nuna inda haɗi ya fito) ɗaya nake gani. Mutum ɗaya ya addabi jama'a da zagi, in na toshe adireshin, na toshe duk bayin Allah da suka biyo wannan hanya. In na ƙyale, ya canza suna ya dawo. Wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Bala: Anti Hadiza, ai laifin sabar aro ce, ba laifin burauza ba. Evennia, manhajar gina MUD, da nata shafin shiga take zuwa, a kan sabar wasan kanta, babu baƙo a tsakiya. Kamfanin Iron Realms ma sun yi wa Achaea da sauran wasanninsu shafin shiga mai suna Nexus, har da taswira da ma'aunin lafiya.

Malam Isa: Mun ga irin wannan alkawari a baya. Wasanni da dama sun sa ƙananan manhajojin Java a shafukansu, Chrome ya daina karɓar su a 2015. Wasu suka dogara da Flash, shi ma aka rufe shi a ƙarshen 2020. TinTin++ kuwa, tsohuwar manhajar da ake girkawa, tana nan tana aiki. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Bala: Java da Flash kayan kamfani ne da ake liƙa wa burauza. WebSocket buɗaɗɗiyar ƙa'ida ce, cikin burauzar take.

Umar: Ku ba ni dama in sa baki, don ni da kunne nake wasan nan. Makafi muna da yawa a duniyoyin rubutu, saboda a nan ne ba mai ido da ya fi mu gani. Da NVDA, manhajar da ke furta abin da ke rubuce, nake karanta allo. A manhajar kwamfuta ina tace saƙonni: hira a gefe guda, faɗa a gefe guda, in sa ƙara ta musamman idan an ambaci sunana. A shafukan burauza da na gwada, wani ba ya sanar da ni sabon layi ya shigo, wani kuma ya kwararo komai a kaina har in rasa inda nake. Ana iya gyara wannan, na sani, amma sai mai ginawa ya tuna da mu tun farko. Bala, in aka ce a daina telnet, mu aka fara kora.

Bala: Wallahi Yaya Umar ba korar kowa nake nema ba. Amma ina kan bakata game da sabon shiga.

Hadiza: Kar ku manta da waya. Ka fita ka amsa saƙo, wayar ta kwantar da shafin, haɗin ya yanke kana tsakiyar zance da mutane. Ni abin da zan yi a namu: zan buɗe WebSocket a kan sabarmu, in bar tashar telnet yadda take, in ƙara TLS. Yaya Umar, za ka gwada mana shafin da NVDA kafin mu sanar?

Umar: Turo shi. Ki fara da raba hira da faɗa, kuma ki sa maɓallin da zai maimaita min layin ƙarshe.