Ya ce ya turo min lefe daga Dubai, amma sai na biya kuɗin kwastam

Mai tambaya: Assalamu alaikum, don Allah a ɓoye sunana. Bazawara ce ni, yarana biyu, ina sayar da atamfa a gida. Wata huɗu ke nan wani bawan Allah ya yi min magana a Facebook, ya ce ɗan Katsina ne, injiniya a Dubai, matarsa ta rasu. Kullum shi ke tashina sallar asuba. Yanzu ya ce ya turo akwati shida da gwal. Wata mata ta kira, wai kayan suna filin jirgin Legas, sai na biya dubu 180. Jiya na tura dubu 60 daga kuɗin adashi. In cika sauran?

Maman Hanif: Ko kwabo kar ki ƙara, ƙanwata. Duba rasit ɗin, sunan wa ya fito? Kwastam ba sa karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Kamfanin aike na gaskiya yana bayar da lambar bibiyar kaya, ke za ki shigar a shafinsu da hannunki. In kin cika, gobe a ce an ga dala cikin akwati, sai kuɗin takarda. Sa hotonsa a Google Lens, manhajar binciken hoto, ki ga mutum nawa ke amfani da hoton.

Mai tambaya: Anti, ai mun yi bidiyo sau ɗaya, kuma lambarsa +971 ce, ta Dubai.

Maman Hanif: Lambar waje sayenta ake yi. Minti nawa kuka yi? Kira shi ba shiri, ki ce ya juya kai gefe, ya gilma hannu ta gaban fuskarsa, ki ga ko fuskar ta bogi ce. Nan take sabis zai "lalace".

Baban Yusra: Toshe shi kawai. Mu da ke unguwa mu yi sallama a ce ba mu da mota, na waya kuma a ba shi kuɗin adashi.

Maman Hanif: A'a Malam, ba yanzu ba. Ta fara ɗaukar hoton hirarsu, lambobi da rasit, ta je bankinta yau ɗin nan ta shigar da ƙorafi kafin a kwashe kuɗin, sannan EFCC. Kuma kar ta ba shi BVN, lambar OTP, ko hoton jikinta.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ce ya turo magabatansa gidanku. Katsina ai ba nisa.

Mai tambaya: Hajiya, maraya ne, kawunsa kuma ba shi da lafiya. Shi bai taɓa roƙona ba fa, matar ce ta nema. Ta ce in ya wuce Juma'a za su mayar da kayan.